Takardar Haladu Mai Jan Sarƙa

Salamu alaikum 'yan uwana mata, da ku maza masu laɓewa kuna jin hirar da ba da ku ake ba. Sunana Safara'u, haifaffiyar Gumel. Kafin ku ji a bakin wani gara ku ji a nawa: e, gidanmu ne aka cika ana jaje saboda kalmar Turanci guda ɗaya tak.

Mijina na fari, Allah ya jiƙansa, annobar murar nan da ake kira marisuwa ce ta ɗauke shi muna wata bakwai da aure. Da na fita takaba na dawo wurin Iya, a gidan yayanta Kawu Ilu baduku, wanda tun rasuwar Babanmu shi ne ubana. Shekara biyu ina zaune, ina saƙar faifai ina dakan fura, ƙawata Murja tana fitar mini da ita. Manema suna zuwa, ni dai ban ga wanda ya kwanta mini ba.

Ana nan sai masu safiyo suka sauka a gindin tsamiyoyin bayan gari, wai za su auna hanyar Maigatari. Akwai Baturensu da ake kira Ido-Ɗaya, don kullum ido ɗaya yake rufewa yana leƙen wani madubi mai ƙafa uku. Akwai akawunsa, akwai kuma masu jan sarƙar awo. Wata rana Murja ta dawo tana dariya, ta ɗaga faifan ƙwarya, sai ga ɗan ɓallen takarda da rubutun ajami kamar kaza ta yi tono.

"Mai wannan fura, in da miji Allah ya bar ku tare. In babu, Haladu yana gaisuwa."

Na yi makarantar allo har na sauke, don haka na juya bayan takardar na rubuta masa: "Babu. Ka dawo mini da ludayina."

Daga nan fa ƙarƙashin faifan nan ya zama hanyarmu. Kullum Murja ta fita da ɗaya ta dawo da ɗaya. "Yau na ja sarƙa har kusa da Maigatari, ke nake tunawa." "Ka tuna ƙaya dai, kada ta soke ka." Kada ku tambaye ni ranar da abin ya shige ni, ni ma ban sani ba. Na dai ga na fara zuba wa ƙwarya ɗaya nono fiye da sauran.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya zo gaida Kawu. Tun hantsi na sha lalle, na ɗaura baƙin zanena na saƙi mai ratsin ja, na zizara tozali, na sa tsakiyar murjanin Iya a wuya, duk da na san iyakata bayan asabarin ƙofar zaure. Na leƙa ta tsakanin karare. Dogo ne, baƙi, mai fararen haƙora, ya sha shuɗiyar riga har ƙasa. Sai da ya durƙusa rigar ta yaye, gajeren wandon kakin aiki ya bayyana, gwiwoyi a waje fururu. Iya da ke leƙe ta saman kafaɗata ta ce, "La'ilaha! Yadin ne bai kai ba?"

Kawu yana ɗinkin gafaka, ko kai bai ɗaga ba.

"Ɗan wane ne kai?"

"Ɗan Malam Hamma na Gagarawa, Baba."

"Na san shi, mutumin kirki. Kai fa, mece ce sana'arka?"

"Jan sarƙa nake yi, Baba."

"Me ke ɗaure a jikinta?"

"Babu komai."

"Ka ja ta zuwa ina?"

"Inda Bature ya ɗaga hannu. Sai in kafa turke, in sake ja."

"In kun gama fa?"

"Sai mu juyo mu ja ta baya, a ga ko an yi daidai."

Kawu ya ajiye basilla. Ya dube shi tun daga hula har gwiwoyin nan.

"Yaro, mutum iri biyu na sani da sarƙa, fursuna da mai wasa da kura. Wanne ne kai? Ni ba na ba da 'ya ga mutumin da in an tambaye ni me yake yi zan tsaya ina sosa ƙeya. Maƙeri maƙeri ne, marini marini ne. Aikinka ba shi da suna?"

Haladu ya laluba aljihu da sauri ya zaro wata takarda a naɗe cikin tsumma. Rubutun boko ne, babu mai iya karanta shi a unguwarmu, har shi mai takardar. Amma ya haddace sunan. Ya gyara murya ya ce, "Baba, ni afirantis ne."

Iya ta damƙi hannuna. "Me ya ce? A Faransi?"

"Iya, afirantis ya ce."

"Na ji da kunnena! A Faransi!"

Kun san daga Maigatari in ka ƙara gaba kaɗan ka shiga ƙasar Faransi, kuma babu wanda bai ji yadda ake kwasar maza a can ana kai su aikin tilas da soja ba. Iya ta ɗora hannu a ka ta shige cikin gida tana salati. Kafin magariba maƙwabta sun ji ta kan katanga. Da safe maganar ta zama wai an sayar wa Faransi da manemina. Kafin azahar an ce har an aske masa kai an sa masa jar hula. Mata suka dinga shigowa da mayafi suna zama a tabarma, "Safara'u, ya muka ji da haƙuri? Ke kuma haka taki ƙaddarar take, na fari mutuwa, na biyu Faransi." Wata har da kawo ƙwaryar kunu.

Ina tsakiyarsu Murja ta miƙo mini takarda ta ƙarƙashin zane.

"Ba a Faransi nake ba. Ina gindin tsamiya ina cin rogo."

Na rubuta: "Ka zo ka faɗa wa Kawu da wata kalmar. Wannan ta ɓaci."

Ya zo kuwa. Ya ce ai wani lokaci akawu yana kiran irinsu da wani suna mai sauƙi, wai lana.

Kawu ya taɓa karatun littattafai a ƙuruciyarsa, kuma ba ya bari a manta. Ya zabura.

"Lana? Wannan ai Larabci ne! Lana, wato namu. Nasara sun rubuta sun ce kai nasu ne? Su da suka ce sun hana bauta? Tashi, tashi! Ban da 'yar da zan ba bawan Nasara."

Ranar nan ban ci tuwo ba. Kada ku ga ina ba ku labari da dariya, a lokacin kuka na yi sosai. Ranar Alhamis za su tashi su koma wajen Sule Tankarkar, kuma na san in ya tafi da wannan maganar a kansa shi ke nan. Shekara biyu zuciyata a rufe, ranar da ta buɗe sai wata kalma da ko faɗinta ban iya ba ta zo ta tsaya a ƙofa.

Ranar Talata da hantsi muka ji kukan jaki a ƙofar gida. Na ruga bayan asabari. Wani ɗan siririn mutum ne a kan jakin, da farar kwat, da wani ƙyalle a shaƙe a wuya, da malafar Turawa, ga laima a sama. Akawun Ido-Ɗaya ne, Mista Debis, mutumin Saliyo. Haladu na biye da shi a ƙasa. Ashe ba don mu ya zo ba. Kasuwa ya shiga sayen albasa ya ji ana ta "a Faransi, a Faransi", aka ba shi labari, ya ce kunnensa ba zai iya ɗaukar a yi wa Turanci wannan wulaƙanci ba.

Hausarsa kuwa sai wanda ya ji. Ya cire malafa ya ce wa Kawu, "Sannu Malam, ke ce babban gida?"

Kawu ya waiga bayansa ya ga ko da wata mace. Babu.

Mista Debis ya ƙi zama a buzu, ya tsaya kamar mai huɗuba, ya ɗaga yatsa uku.

"Kalma uku, kada ki haɗa. Afirantis, shi yaro an ba shi ga maigida ɗaya, da suna, da shekara, ya koyi hannu. Lana, shi yana koyo a ofis, ba maigida ɗaya, kowa ya aike shi. Na uku furobeshin. Shi ya gama koyo, ya samu aiki, amma ana duba shi tukuna, in ya yi kuskure ɗaya, waje! Kuma ba a cewa in furobeshin. On furobeshin. A kai, ba a ciki ba."

"A kai?" in ji Kawu. "Hawansa ake yi? Dabba ce?"

"Ba dabba ba! Haka Turanci ta ce."

Kawu ya ja gemu. Can ya ce, "Tsaya. Yaron da aka kai wa maigida ya koyi sana'a. Ɗan koyo kenan. Uku gare ni a rumfar kasuwa. To me ya hana ku ce ɗan koyo tun farko, kuka sa ƙanwata ta kwana biyu tana zawo?"

Daga cikin gida Iya ta ce, "Yaya!"

Wallahi a lokacin ji na yi kamar in rangaɗa guɗa. Kawu har ya fara cewa Haladu ya matso kusa. Amma shi Mista Debis ba ya fara abu ya bari. Ya ce sai ya karanta takardar duka don a ji yadda ake Turanci mai kyau. Ya ɗora tabarau ya fara.

"Haladu Gagarawa, afirantis tu..."

Haladu ya ɗaga hannu. "Yawwa, Akawu, dama ina son in tambaya. Wane ne na ɗayan? Wata tara ina duba mutanenmu ban gane shi ba."

"Wane na ɗaya?"

"Ai tu biyu kenan. Wan, tu, tiri, haka muke ƙirga sarƙa. In ni ne afirantis na biyu, wa ya riga ni? Don in abokin aikina Manu ne, wallahi na fi shi ja."

Mista Debis ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori. "Wannan tu dabam! Wannan tu, ga. Afirantis ga wane. Ba in ba, ba at ba, tu!" Ya ci gaba yana karantawa yana fassarawa: shekara uku, ba zai sha giya ba, ba zai yi caca ba. Kawu na ta gyaɗa kai yana "Madalla". Sai muryar akawu ta yi ƙasa.

"Ba zai yi aure ba, sai maigida ya yarda."

Na jingina da bango. Kowa ya san Ido-Ɗaya ba ya ƙaunar masu iyali a tafiyarsa, kukunsa ma da ya yi aure korarsa ya yi.

Kawu ya ce, "To wane ne maigidan? Karanta sunan."

"Afirantis tu Kyaftin."

"Kyaftin?" in ji Haladu. "Ai Kyaftin doki ne."

"Wane doki?"

"Jan dokin Bature mana. Ai da shi na fara aiki, ni ke masa ciyawa kafin a ba ni sarƙa. Ranar da ka zo, ka tambaye ni wa nake yi wa aiki, na ce Kyaftin, ka rubuta."

Ban taɓa ganin baƙin mutum ya koma toka-toka ba sai ranar. Mista Debis ya nemi buzun da ya raina ya zauna daɓas. Ashe a makonsa na farko a aikin ya rubuta takardar, ya ɗauka Kyaftin muƙamin Baturen ne, shi kuma Ido-Ɗaya ya sa hannun shaida bai karanta ba.

"Sai a gyara," in ji Kawu. "A sa sunan Baturen."

"In an gyara, shekara uku ta fara daga yau," in ji akawu da 'yar ƙaramar murya. "Kuma Bature za ta gani. Malam, ni ma... ni ma on furobeshin."

Kawu ya ce, "Ashe kai ma a kai kake."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ni da ko tari ba na yi in Kawu na da baƙi, sai ji na yi na ce daga bayan asabari, "Kawu, a tambayi dokin mana."

"Wa ke magana a nan?"

"Ni ce, Kawu. Takarda ta ce sai maigida ya yarda. Ba ta ce sai maigida mutum ba. Ko ta ce, Akawu?"

Na ji ƙarar takarda. Mista Debis ya bi layi-layi da yatsa har ƙasa, ya dawo sama.

"Ba ta ce ba," in ji shi, muryarsa ta fara dawowa. "A Turanci, daidai ne!"

Kawu ya gyara zama. Sa'an nan ya ce shi dai ya san doki ba waliyyi ba ne, ba kuma shaida ba, amma tunda yaro ya ɗauki alkawari a takarda, ba zai sa shi ya karya ba. A je a tambaya. In maigida ya ƙi, magana ta mutu.

Da yamma na rubuta wa Haladu: "Me Kyaftin ya fi so a duniya?"

Amsa ta dawo: "Kanwa. Me ya sa?"

"Ba ruwanka."

Ranar Alhamis da sassafe, ana ta naɗe tantuna, Ido-Ɗaya ya shiga daji harbin zabbi. Muka isa gindin tsamiya, Kawu a gaba da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ni da Murja a baya cikin mayafi. Ga Kyaftin a turke, ƙato, yana kaɗa jela. Masu jan sarƙa duk suka bar aiki suka zagaye mu.

Kawu ya yi wa dokin sallama. Wallahi ya yi. Ya ce a tambaye shi da Turanci tunda da shi aka ɗaura alkawarin.

Mista Debis ya matsa, ya buɗe takarda, ya zuba Turanci mai tsawo. Kyaftin ya saurara har ƙarshe, ya miƙo wuya ya cafke malafar akawu ya fara tauna.

"Wannan e ce ko a'a?" in ji Kawu.

"Ba ta amsa ba tukuna!" in ji akawu yana jan malafarsa.

Aka sake tambaya. Dokin ya juya mana baya. Na ga gumi na bin wuyan Haladu, ya dube ni kamar wanda za a yanka. Na zagaya a hankali na tsaya daidai bayan kafaɗar Kawu, na zaro guntun jar kanwa daga mayafi. Hancin Kyaftin ya buɗe. Ya juyo, ya kafe hannuna da ido. Akawu na fara tambaya ta uku na ɗaga kanwar sama, kan doki ya bi. Na sauke, ya sauke. Sama, ƙasa. Sama, ƙasa.

"Ta yarda!" Mista Debis ya yi tsalle. "Sau uku! Kowa ta gani!"

Wuri ya kaure da shewa. Kawu ya ɗaga hannu ya ce bai gama ba, maigida ya sa hannu. Haladu ya ɗaga ƙafar dokin ta gaba, akawu ya juye rabin kwalbar tawadarsa a kofato, aka shimfiɗa takarda a kan akwati aka dangwala. Mista Debis ya rubuta wani abu a ƙasan tambarin, ya busa, ya ce ko a babban ofishinsu na Ikko ba za a sami kuskure a wannan layin ba.

A hanyar gida Murja ta yi gaba. Kawu na tafe ina bin sa, har muka wuce marina. Sai da muka kusa ƙofar gida ya tsaya, bai juyo ba.

"Tun asuba uwarki ke neman kanwar miyarta."

Na sunkuyar da kai.

"Ina da ido a ƙeya, Safara'u, ɗan koyo uku nake tsaro." Ya gyara hula. "Tun da kika dawo gidan nan ban ji kin ɗaga murya kin nemi wani abu ba, ko gishiri. Shekaranjiya na ji. Ki ce wa yaron ya turo mutanensa daga Gagarawa, Juma'a ta sama. Kuma ya zo da dogon wando."

Na shige ɗaki na kifa fuska a kan gado, ina kuka ina dariya, Iya na tambayata ko kuma wata kalmar ce ta fito.

Azahar ta yi, ina tankaɗen gero ina 'yar waƙata, sai ga Murja ta shigo da ƙwarya. Ba ta yi dariyar da ta saba ba. Ta ɗaga faifai ta miƙo mini takarda. Rubutun ya fi na kullum karkacewa.

"Safara'u, ki yafe mini. Takardar nan falle biyu ce. Na farko kawai na ba Akawu. Na biyun na naɗe allurar ɗinkina da shi tun bara, yanzu na warware na ga akwai rubutu a jiki, da jan tambari, da sunana sau huɗu, shi kaɗai nake ganewa a boko."

Na karanta sau biyu. Na leƙa zaure, Kawu na can yana gaya wa maƙwabci cewa surukinsa afirantis ne, yana ma gyara masa yadda ake faɗi. Na karkaɗe garin hannuna, na ɗauki alƙalami.

"Kawo shi nan, ka ba Murja. Kuma ko da wasa kada ka bi ta gaban Akawu."